Ki Zaɓi na Shekara Biyar, Yagana

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Zuwa ga 'yata Yagana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sauke ku Yamai lafiya, ya tsare ku daga sharrin hanya da sharrin ƙarfe, ya haɗa ki da mutanen kirki a inda za ki. Na ce wa yayanki kada ya miƙa miki wannan takarda sai kin zauna cikin kar, babbar motar Yamai, direba ya tada mota, don na san halinki. Da a gida kika karanta, da kin biyo ni har madafa kina "Amma Iya, amma Iya," ni kuwa ba ni da numfashin yin gardama da ke. A takarda ba mai katse ni.

Ba labarin gida zan ba ki ba, yanzu kika baro shi. Magana ɗaya ce ta sa na nemi biro.

Ran nan da la'asar ina bayan ɗaki ina tsince kajiji, ke da yayanki kuna hira a gindin dalbejiya. Ba laɓe na yi muku ba, muryarki ce ba ta iya sirri ba. Na ji kin ce makarantar injiniyoyin da ta ɗauke ki ta ba ku zaɓi biyu ranar rajista: ko gajeren karatu na shekara biyu, mutum ya fito ma'aikacin labo, wato ɗakin gwaje-gwaje, ko dogon na shekara biyar, ya fito cikakken injiniyan shimi, ilimin haɗa sinadarai. Kika ce, "Na shekara biyun zan ɗauka. Ƙirjin Iya ba zai kai shekara biyar a bakin murhu ba, kuma ni kaɗai ce mace. In ban dawo na karɓi haɗin turaren ba, wa zai karɓa?" Yayanki ya ce ki gaya mini. Kika ce a'a, sai kin yi rajista kin gama, lokacin ba yadda zan yi da ke.

To, na ji. Na ji daɗi har na yi hawaye cikin kajijin, sannan raina ya ɓaci. Dukkansu gaskiya ne, ba zan ɓoye miki ko ɗaya ba.

Kin san al'adar gidanmu, amma bari in faɗa don mu tsaya wuri ɗaya. Haɗin turaren wuta da humrar da muke ci da shi, kakar kakarki ta zo da shi Damagaram daga Barno. Ba a rubuta shi. Ba a koya wa ɗa namiji, ba a koya wa matar ɗa, wai kada wata rana ta fita da shi zuwa wani gida. Daga uwa sai 'yarta. Yayata, Innarki Bintu, maza Allah ya ba ta, ni kuma ke kaɗai. Saboda haka tun kina rarrafe kowa ke kallonki yana cewa ga magajiyar tukunya. Ban ga laifinki ba da kika ɗora abin a kanki. Amma kafin ki je gaban masu rajista, ki saurari wadda ta riga ki bin wannan hanya, ta kuma yi tuntuɓe a wurare da yawa.

Kin san na taɓa shiga jami'a a Yamai bayan na samu bak, takardar gama sakandare, ɓangaren shimi. Abin da ba ki sani ba shi ne yadda na yi shekarar. Ni labo nake so. A zuba wannan cikin wancan, ruwa fari ya koma ja, wani ƙamshi ko wari ya tashi, nan nake jin ni 'yar gidan masu turare ce. Darasin lissafi kuwa da sassafe ake yin sa, malamin yana magana da allo ba da mu ba. Sai in zauna can baya, in ari littafin wata ƙawata in kwafe, in ce ai ni ba lissafi na zo karanta ba. Da muka shiga rabin shekara na biyu aka fara darasin zafi, yadda yake shiga abu da yadda yake fita. Wallahi darasin da na fi bukata ke nan a duniya, ni da zan ƙare rayuwata a bakin wuta. Na buɗe littafin na tarar daga farko har ƙarshe da lissafin nan da na guje wa aka rubuta shi. Na faɗi lissafi, ya ja darasin zafi suka faɗi tare.

Don haka makon farko, kafin ki san inda ake sayar da dambu mai daɗi, ki nemi tsarin darussanku na dukkan shekarun, ba na bana kaɗai ba. Ki zauna da wata ɗaliba da ta yi nisa, ki tambaye ta wane darasi ne yake tsaye a kan wane. Za ki ga lissafi da fizik, wato kimiyyar ƙarfi da motsi, na shekarun farko su ne ƙasan komai. Darasin zafi a kansu yake, gudun ruwa cikin bututu a kansu yake, tacewa da raba sinadarai a kansu suke, zanen masana'anta na shekarar ƙarshe kuma a kan waɗannan duka. Wanda kika ji ranki ba ya so, shi za ki ba safiyarki, lokacin da kanki yake sabo. Idan kika faɗi wani darasi, ki sake rubuta shi a zaman jarrabawa na biyu ki huta, kada ki ce za ki ja shi zuwa shekara mai zuwa. Kuma na san ki da raina Ingilishi, kina cewa harshen 'yan ƙwallo ne. Littattafan aikinku da yawa da shi aka rubuta su, ki daure ki koya tun yanzu, haka ma aikin kwamfuta.

Kuskure na biyu ya same ni ina uwar 'ya'ya, bayan rasuwar kakarki Ya Fanna, wadda kika ci sunanta, shi ya sa muke sakaya ki da Yagana. Wani gida a Damagaram Takaya za su aurar da 'yan mata uku lokaci guda, suka aiko suna son turaren ukun daga hannuna. Ni da na saba soya turare a 'yar tukunyarmu, sai na ce me zai sa in yi ta suya kashi-kashi kamar marar dabara? Na aro babbar tukunyar abincin biki, na ninka komai sau goma, sukari da ruwa da lemun tsami da itacen sandal da hawi, ban rage ko ƙwaya ba. Na hura wuta na zuba. Sukarin ƙasa ya ƙone ya yi baƙi tun na sama bai gama narkewa ba. Na juya har kafaɗata ta sage, muciyar ba ta kai tsakiya. Da na zuba itacen sai ya sha ɗacin ƙonon gaba ɗaya. Ranar unguwar Birni kowa ya san akwai abin da ya faru a gidanmu. Babanki ya leƙo ya ce, "Yau kuma turaren korar sauro aka ce a yi?" Ban yi masa magana ba sai washegari.

Abin ya daɗe yana damuna, don ban ga inda na yi kuskure ba. Komai na auna daidai. Sai bara, da malaminku na shimi ya rako matarsa sayen humra, na ba shi labarin don a yi dariya. Bai yi dariya ba. Ya ce, "Hajiya, abin da ya ƙona miki turare shi ne karatun da Yagana take nema. Mai shimi ya san abin da za a haɗa a ƙaramin kofi. Injiniyan shimi shi ya san yadda za a yi shi a tukunyar da ta kai ɗaki, ba tare da ƙasa ya ƙone sama yana sanyi ba." Ya ɗauki garwashin da ya mutu ya zana mini a ƙasa, ya nuna mini cewa idan tukunya ta girma, cikinta yana ƙaruwa fiye da gindin da wuta ke taɓawa. Na daɗe ina kallon zanen nan bayan tafiyarsu, na hana a share wurin.

Ban raina karatun shekara biyu ba, masu shi suna cin halalinsu kuma ana bukatarsu. Amma su ana koya musu kula da tukunyar da wani ya tsara. Ke tun kina 'yar firamare ba ki taɓa yarda da "haka ake yi" ba, sai kin ce "don me?" har kaina ya yi ciwo. Amsar wannan "don me" ɗin naki tana shekara ta uku da ta huɗu. Idan kika tsaya a ta biyu, za ki dawo da tambayar ba amsa, kuma ni na san yadda zama da ita yake.

Na uku shi ne ƙirjin nan da kike tsoro. Ba tsufa ba ne ya kawo shi, ni na jawo shi da hannuna. Kin sha ganin yadda nake rufe ƙofar madafa in toshe taga da tsumma idan zan soya farce, ɓawon nan na teku da ake sa wa turare, ko in zuba madarar turare cikin itace mai zafi. Haka na ga Ya Fanna tana yi, don kada maƙwabciya ta shigo ɗibar wuta ta ga abin da ake zubawa da lokacin da ake zuba shi. Ita a rumfar zana take yi, iska na ratsawa. Ni da muka samu hali aka yi mini madafar siminti mai ƙofar ƙarfe, na ci gaba da rufewa kamar yadda na gada, ban taɓa tsayawa na ce ai wannan ɗakin ba irin wancan ba ne. Shekara da shekaru ina shaƙar hayaƙin. Da lokotoro a asibiti ya sa abin saurarensa a bayana, sai ya tambaye ni ko ina shan taba. Ni, Yagana! Na ce masa turare dai. Ya ce huhu bai san bambancin ba.

Za a yi muku darasin kiyaye haɗari, kuma za ki ga ɗalibai suna raina shi don ba shi da wuya. Kada ki bi su. Gilashin ido da safar hannu da abin rufe hanci, ki sa su ko zafi zai kashe ki, ko sun ɓata miki kwalliya. Ki ɗaure mayafinki ciki da rigar labo, kada ya yi lilo kusa da wuta. Sannan wannan ɗabi'ar tamu ta 'yan gidan turare, duk kwalbar da muka gani sai mun buɗe mun kai hanci, ki bar ta a Zinder. A can akwai kwalbar da shaƙa ɗaya ta isa.

Rufe ƙofar nan ya yi mini wata ɓarnar da ba ta ƙirji ba. Na saba aiki ni kaɗai, ba na tambaya, ba na nuna wa kowa abin da ya gagare ni. Da na iya buɗe baki, da ban yi shekaru ina mamakin tukunyar biki ba. Ke ma kin ɗauko wannan hali, kina shiga ɗaki da littafi ki turo ƙofa. Karatun injiniya ba a yin sa haka. Ki nemi mutum uku ko huɗu masu hankali ku riƙa warware lissafi tare, wanda ya gane ya koya wa sauran. Idan malami ya ce akwai mai tambaya, ki ɗaga hannu ko da ajin duk maza ne. Kunyarki ki ajiye ta don wuraren da take da amfani.

Game da hutu kuma. Ni duk hutun da aka ba mu, ko na kwana kaɗan ne, ina cikin motar Zinder. Na yi shekara ina karatun shimi ban taɓa sa ƙafata cikin wata masana'anta ba, ban san inda karatun yake zuwa ba, shi ya sa barinsa bai yi mini wuya ba. Ke dogon hutu na sitaj ne, wato ki je ki yi aikin koyo a inda ake aikin gaske. Ki fara nema da wuri, kada ki jira sai an rufe makaranta. Duk wanda ya ji abin da za ki karanta a garin nan sai ya ce, "Ah, matatar mai!" kamar nan kaɗai ake ɗaukar injiniya. Idan kin samu can, madalla. Amma ki leƙa wurin tace ruwan sha, ke da kika tashi kina bin layin jarka a bakin famfo. Ki leƙa inda ake siminti, da inda ake matse man gyaɗa, har majemar garinmu ki je da idon karatu ki ga abin da suke yi da bagaruwa da toka. Sai kin ga wurare da dama za ki san ɓangaren da za ki zaɓa a shekarun ƙarshe. Idan sitaj ya hana ki zuwa Sallah, na yafe miki tun yanzu, za a aiko miki da soyayyen namanki.

Yanzu ga babban kuskuren, wanda saboda shi na rubuta sauran.

Da na faɗi darussan nan biyu, an ba ni damar in maimaita shekara. Ina cikin tunani sai wata 'yar unguwarmu ta zo Yamai ta ce mini ta ga Ya Fanna ta rame, tana yawan dafe baya. Lokacin Innarki Bintu tana aure a Garagumsa, ba ta kusa. Ban tambayi kowa ba, ban rubuto gida ba. Na yanke a raina cewa uwata tana bukatata, haɗin gidanmu zai bi ta kabari idan ban koma ba. Na ɗaure kayana na dawo. Ta gan ni a ƙofar gida da akwati, ta ce sannu da hanya, ta sa aka kawo mini ruwa. Ba ta tambaye ni komai ba, ni ma ban ce komai ba. Washegari na zauna kusa da ita a bakin tukunya.

Sai bayan na haifi yayanki, wata rana muna wanke farce, na ce mata cikin wasa, "Ya, kin ga dai saboda ke na bar jami'a." Ta ajiye abin da ke hannunta ta dube ni. Ta ce, "Saboda ni? Ni ban kira ki ba. Na ɗauka karatun ne ya kore ki, na yi shiru don kada in ƙara miki kunya. Da kin tambaye ni, da na ce ki koma." Ashe ramar da aka gani zazzaɓin damina ne, ta warke tun kafin in iso. Ta rayu har ta ga yayanki ya shiga lakwal, makarantar boko. Ni na yanke hukunci a madadinta, ita ta yi mini kara, muka yi ta zama kowa yana tausayin ɗan'uwansa a kan abin da ba haka yake ba. Na so aikin turare, ya rufa mana asiri, ban raina shi ba. Amma har yau idan na wuce ƙofar lise, makarantar sakandare, na ga 'yan mata da littattafai, sai na tsaya na bi su da kallo.

Abin da kike shirin yi ke nan, har da ɓoye mini. Ni kuwa ba zan yi miki shirun da aka yi mini ba. Ban kira ki ba, Yagana. Ba na son ki dawo bayan shekara biyu.

Na san za ki ce ciwon Ya Fanna zazzaɓi ne, nawa kuwa ba shi ba ne. Gaskiyarki. Ba zan yi miki alkawarin kwanakin da ba a hannuna suke ba. Lokotoro ya ce idan na rabu da hayaƙi zan ji sauƙi, sauran na Allah ne. Na kuma san ko rantsuwa na yi miki ba za ki saki maganar haɗin ba muddin yana rataye a wuyanki. Shi ya sa na sauke miki shi.

Ranar da kika je kasuwa sayen akwati, na kira Zuwaira matar yayanki madafa. Na buɗe ƙofa da taga, na fito da kwalaben duka na jera a gabanta. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ƙi shigowa. Ta ce, "Iya, ni? Ai ba a koya wa irinmu." Na ce, "Daga yau ana koya. Wanke hannunki." Ta ce, "Inna Bintu ta sani?" Na ce, "Za ta sani." Yarinyar nan 'yar manoman Tirmini ce, ba ta taɓa riƙe farce ba sai a gidanmu, amma tana da hanci kuma tana da haƙuri, ba ta gaggawar sauke tukunya. Tun ranar, duk lokacin da kika fita muna ciki. Ita ke suya a tsakar gida, ni ina zaune nesa da hayaƙi ina faɗa mata. Ban rage mata komai ba, har abin da ake zubawa a ƙarshe wanda ke kanki ba ki taɓa gani ba.

Innarki Bintu ta sani kuwa. Ta zo ta tsaya a tsakar gida ko mayafi ba ta cire ba, ta ce, "Kin ɗauki abin kakanninmu kin ba bare?" Na ce, "Yaya, wadda ta haifa mini jikoki ba bare ba ce." Ta ce Ya Fanna ba za ta yafe mini ba. Na ce ni na ji abin da Ya Fanna ta faɗa da kunnena, ita ba ta wurin. Ta fita ko ruwa ba ta sha ba. Shi ya sa ba ta zo yi miki sallama ba, kada ki ɗauka ke kika yi mata wani abu. Abin ya yi mini ciwo, ita kaɗai ta rage mini a ɗakinmu. Zan bi ta in ba ta haƙuri har ta sauko, amma abin da na koyar ba ya komawa cikin kwalba.

Saboda haka ba abin da zai mutu idan kin yi shekara biyar. Tukunya tana da mai ita, amaren da suka saba da ƙamshinmu za su same shi. Ranar rajista ki faɗa musu na shekara biyar da bakinki, da muryar nan taki da ake ji daga bayan ɗaki, sannan ki kira ni ki gaya mini.

Gadonki kuma yana nan, ban ba wani rabonki ba. Idan kin gama kin dawo kin tarar da ni, ni zan zaunar da ke in koya miki, ke kuma ki bayyana mini darasin zafin nan da ya gagare ni. Idan ba ki tarar da ni ba, ki je wurin Zuwaira ki ce ta koya miki. Na riga na gaya mata, ta yi kuka ta ce to.

Allah ya buɗa miki ƙwaƙwalwa, ya sa ki fi ƙarfin abin da za ki tarar. Ya tsare miki idonki da hannunki da numfashinki, ya tsare miki sallarki da mutuncinki. Ya kai ki lafiya, ya zaunar da ke lafiya, ya dawo mana da ke a lokacin da ya dace, ba kafinsa ba. Na yafe miki duniya da lahira, Allah ya yi miki albarka.

Mahaifiyarki.